Sanduna ko Da'ira a Kan Fostar Bayanai

Mai tsara fostar bayanai yakan rasa na zaɓa tsakanin hanyoyi biyu na nuna alƙaluma, wato zanen sanduna da da'irar da aka yanka gida-gida, waɗanda William Playfair, wani injiniya ɗan ƙasar Scotland, ya fito da su, sanduna a 1786, da'ira a 1801. Ido ya fi saurin gane bambancin tsayi a kan na kusurwa, don haka idan kashi 23 da kashi 26 suka haɗu cikin da'ira, mai kallo daga nesa da wuya ya rarrabe su, alhali a sanduna tazarar takan fito fili, muddin ma'aunin ya fara daga sifili. A ganina, da'ira ba ta da laifi idan gidajen ba su wuce uku ba.