Plafon staf a Yamai: inda kuɗi ke tafiya da inda aiki ke lalacewa

Wanda ya leƙa sabbin gidajen Bobiyel, Kwara Kano ko Banifandu ya san yayin da ake ciki: falo ba ya amsa sunansa sai an ɗaga kai an ga staf, kornish, adon nan na mahaɗar bango da plafon, ya zagaye ɗaki, fure a tsakiya, ƙananan fitilu a jere. Masu wannan sana'a sun yi yawa a gari, kowa da hotunan aikinsa a waya. Wannan sharhi a kan aikinsu ne, tare da waiwayar abokan takarar staf da ake samu a Katako da shagunan kayan gini, wato lambirin PVC (siraran falankan roba), plako (allon platir mai takarda a jiki) da kwantirplake (siririn katako mai hawa-hawa). Staf ya fi su kyau da daɗewa, wannan ba gardama. Sai dai kusan duk ingancinsa yana can sama, tsakaninsa da rufi, inda idon mai gida ba ya kaiwa, kuma a nan ne ake cin mutane.

Staf ba komai ba ne illa platir da filas. Platir garin dutsen jips ne, irin wanda ake haƙa a jihar Tawa ana kai wa masana'antar siminti ta Malbaza. Ana gasa dutsen har ya saki yawancin ruwan jikinsa, da ya sake haɗuwa da ruwa sai ya koma dutse cikin minti 20 zuwa 30, yana ɗan ɗumi a hannu. Filas kuwa zaren tsiron sisal ne, shi ne ƙashin plak, wato allon staf da ake ratayawa. Ba shi, plak ɗin ƙwai ne.

Tsaya ka kalli yadda ake kwaɓi, za ka san da wa kake hulɗa tun kafin a rataya ko plak ɗaya. Gwani yakan fara zuba ruwa a roba mai tsabta, ya riƙa barbaɗa gari da hannu har ya taru ya leƙo saman ruwa kamar tsibiri, ya bar shi minti biyu ya jiƙa, sannan ya dama. Awon ya kai kusan litir 7 na ruwa ga kilo 10 na gari. Sai ya zuba rabi a kan tebur mai santsi da aka shafa wa ruwan sabulu, ya baza filas ko'ina har gefe, ya rufe da sauran kwaɓin. Mai ha'inci kuma ruwa yake tsawwalawa don buhu ya yi auki. Plak ɗinsa yakan fito fari tas, amma ka sa farce sai ya shige, ka shafa sai gari ya biyo tafin hannu. Wani idan kwaɓi ya fara kamawa sai ya ƙara ruwa ya sake damawa. Wannan platir ya mutu, ba zai ƙara yin ƙarfi ba. Robar da ba a wanke ba tana sa sabon kwaɓi ya kama da wuri, buhun da ya sha raɓa a sito yana zuwa da gudaji, shi ma mayar da shi. Wanda kuma ya ce zai sa ɗan siminti a ciki don ƙarin ƙarfi, a sallame shi: siminti da platir ba sa zama inuwa ɗaya, da sun sha danshi sai su kumbura su fashe.

Kaurin plak ya kasance santimetir 1,2 zuwa 1,5. Ɗauki ɗaya daga tsakiyar tarin, ba wanda aka miƙo maka ba, ka ƙwanƙwasa. Busasshe mai kyau yana amsawa da ƙara, mai ruwa da yawa sai ka ji "dum". Karya kusurwa ka gani: idan guntun ya rataye da zare, an sa filas, idan ya faɗi ƙasa shi kaɗai, an yi rowa. Ɗaki mai metir 4 a kan 4 zai ci buhu 6 zuwa 7 na kilo 40, ban da kornish, kuma nauyin da zai rataya a kan masu kwana a ciki ya haura kilo 200. Wannan adadi kaɗai ya isa ya sa mutum ya damu da rataya fiye da fure.

A gidan dal, wato mai rufin kankare, aikin ya fi sauƙi, domin ana huda kankare a sa maƙalai, ko a bar ƙarafa tun lokacin zuba dal. A gidan tol, wato mai rufin kwano, ake samun matsala. Bai kamata a rataya staf a jikin tol ba, ko a ƙananan katakan da ke riƙe da shi, saboda tol yana motsi: rana ta buɗa shi, dare ya tsuke shi, iskar hadari ta girgiza shi, duk wannan motsi kuma yana sauka a kan plak ya zama tsaga. A shimfiɗa wa plafon nasa ƙarafan daban, tib kare (bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu) ko korniyer (ƙarfe mai siffar L) da aka kafe a bango, a shafe su da fentin hana tsatsa. Daga nan ake sauko da waya, a naɗe ta da filas da aka tsoma a platir. Tazarar maratayi da maratayi kada ta wuce santimetir 50 ta kowane ɓangare. Wayar kuma lallai galba, wato wadda aka lulluɓe da tutiya don kada ta yi tsatsa, ba baƙar wayar da masu ƙarfe ke ɗaure ƙarfen kankare da ita ba. Platir yana cin baƙin ƙarfe; bayan damina ɗaya ko biyu za ka ga jajayen ɗigo sun fito a jere a farin plafon, alamar tsatsa ce, kuma wayar da ta yi tsatsa tana kan hanyar tsinkewa. Bambancin kuɗin wayoyin biyu bai taka kara ya karya ba, amma a nan yawancin masu aiki ke fara rage zafi. Tsakanin plak da plak a bar ɗan rami kamar rabin santimetir, a cusa filas da platir, a ɗinke ta sama. Wanda ya manna su baki da baki ya shafe da hannu, layin kowace mahaɗa zai bayyana kamar an ja da biro. Layin daidaito a fitar da shi da tiyon ruwa ko leza a bangon nan huɗu, ba da ido ba.

Kafin duk wannan, rufin kansa. Staf ba ya shiri da yoyo. Ɗigo kaɗan yana barin tabo ruwan ƙasa da fenti ba ya rufewa, yoyo mai yawa yana jiƙa plak ya yi nauyi ya ɓalle. Mafi hikima a bar sabon tol ya sha ruwan Yuli da Agusta, a ga inda yake zuba, a gyara ƙusoshi da mahaɗa, sannan a kira masu staf bayan damina. Ribar biyu ce, domin a iskar ɗari plak yana bushewa cikin kwana goma ko ƙasa da haka, a watan Agusta kuwa sati uku ma yana iya kasawa. Fentin da aka shafa a kan ɗanyen staf ɓarewa yake yi. Idan ya bushe, a goge da takardar yashi, a sa fentin share fage hannu ɗaya, sannan fentin ruwa marar ƙyalli hannu biyu. Mai ƙyalli tonon asiri ne, duk wani tudu da kwari zai nuna shi.

Batun zafi ana yawan yi masa ƙarin gishiri. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40, staf yana tare wutar da tol ke saukarwa, ya fi PVC da kwantirplake a nan nesa ba kusa ba. Amma idan an toshe sararin da ke samansa ruf, iskar ciki tana dahuwa, da dare plafon ya riƙa sako zafin da ya tara. Maganin shi ne ƙananan ramukan iska a bango, sama da layin plafon, a ɓangarori biyu masu fuskantar juna, a rufe su da ragar ƙarfe saboda jemage da ɓera. Mai hali ya shimfiɗa audugar gilashi mai kaurin santimetir 5 zuwa 10 a kan plak ɗin, musamman a ɗakin da ke da kilim, na'urar sanyaya ɗaki. Za a ga bambancin a takardar kuɗin wuta.

Fanka ba a rataya ta a jikin staf, ko da wasa. Ƙugiyarta ta fito daga dal ko daga ƙarfe mai kauri, a bar ɗan sarari tsakanin sandarta da platir don kada girgiza ta fasa furen. Fukafukai su tsaya aƙalla metir 2,30 daga ƙasa, da kamar santimetir 30 tsakaninsu da plafon don su sami iskar ja. Wannan yana nufin plafon da aka gama bai kamata ya sauko ƙasa da metir 2,60 ba. Ɗakin da tsayinsa bai kai metir 3 ba tun asali, a haƙura da matakai biyu da uku. Shimfiɗa ɗaya da siririn kornish ya ishe shi, in ba haka ba sai mutum ya ji kamar an kifa masa ƙwarya.

A wajen ado ne ake zubar da kuɗi a banza. Falo mai metir 4 a kan 5 ba ya buƙatar sipot, ƙananan fitilun nan da ake nutsawa a plafon, har ashirin. Shida zuwa takwas masu wat 7 sun wadatar, a nisanta su da bango kamar santimetir 60 zuwa 70, kuma kada ko ɗaya ya faɗa saman fukafukan fanka, don haske zai riƙa ƙyaftawa har ya sa ciwon kai. A duba kwalin ampul: 3000K haske ne mai ɗumi da ya dace da falo da ɗakin kwana, 6500K fari ne fat irin na asibiti, yana kashe launin labule da kujeru. Kwarin nan da ake ɓoye igiyar LED a ciki yana da kyau ranar tarewa. Bayan ɗari ɗaya ya zama ma'ajiyar ƙura da yanar gizo-gizo, tsaka ta mayar da shi gida. Uwar gida da ba ta da mai hawa tsani duk wata ta yi tunani kafin ta amince da shi. Ƙaramin akwatin da ke ba igiyar wuta shi ne ke fara mutuwa idan wutar lantarki tana yawan ɗaukewa da dawowa, don haka a ajiye shi inda hannu ke kaiwa. Hasken shuɗi da ja da kore kuma a bar wa wuraren biki.

Abu biyu ne kusan ba a taɓa gani a takardar lissafin masu staf sai mai gida ya nema. Na farko ƙofar leƙe, santimetir 60 a kan 60, a lungu ko a dush. Gidan da ba shi da ita, duk ranar da waya ta ƙone sai an fasa plafon. Na biyu daidaitawa da mai aikin wuta: wayoyi su bi cikin tiyonsu, a gwada kowane layi kafin a rufe. Wayar da aka jefa tsirara a ƙarƙashin tol mai zafi, ga haƙorin ɓera, ita ce mafarin gobara. Platir kansa ba ya ci da wuta, yana ma jinkirta ta saboda ruwan da ke daskare a jikinsa, wannan babban maki ne a kan PVC da katako.

PVC yana da wurinsa: dush, baranda, shago, gidan haya. Ba ya tsoron ruwa, ana goge shi da tsumma, a yini ɗaya an gama ɗaki. Faɗinsa yawanci santimetir 25 ne, tsawonsa kusan metir 6, amma a auna a shago, don wani 5,80 ne, kuma wannan ɗan gibi yana hana sanda ɗaya ta ba da gida biyu a ɗaki mai metir 3. Idan cikakken 6 ne, ɗaki mai 3 a kan 4 sanda 8 zai ci. A sa masa katako ko ƙarfe duk santimetir 40. Wanda aka tazarce yana yin ciki a zafin Mayu, iskar hadari kuma tana ɗaga shi yana kaɗawa. Kada a sa shi saman murhun gas. Plako, mai kaurin milimetir 12,5 da girman santimetir 120 a kan 250, ya fi staf saurin aiki da tsabta, shimfiɗarsa kuma miƙaƙƙiya ce, sai dai takardar jikinsa ba ta jure yoyo, kuma masu iya ɗinke mahaɗarsa da kyau ba su kai masu staf yawa ba. Kwantirplake dai abincin gara ne, arharsa ta ranar saye ce kawai.

Farashi ana yin sa ne a kan metir kare, wato murabba'in metir, kornish kuma a kan metir na tsawo, kuma yana hawa da sauka da kuɗin buhu. A nemi a rubuta kowane abu daban: platir buhu nawa, filas kilo nawa, irin waya, ƙarafa, kuɗin hannu, da wanda zai kwashe tarkace. Mai cewa "Alhaji, ka bar mini komai, jimla kaza" yana barin wa kansa ƙofar rage waya da filas ne. Kafin alƙalami kada ya wuce kuɗin kaya. Hoton waya ba shaida ba ne, kowa yana iya ɗaukar na wani. A nemi ya kai ka gidan da ya yi wa aiki shekara biyu ko uku da suka wuce, ka tsaya a bakin ƙofa da rana, inda haske ke shafar plafon a kaikaice, ka duba mahaɗai da kusurwoyi. Ranar da aka rataya rabin ɗakinka kuma, ka hau tsani da tocila da metir, ka leƙa sama ka ƙirga maratayan da kanka kafin a rufe sauran.