CTM ko Atonal: wanne za ka fara zuwa a Balin?

Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce kana karatu a nan Jamus, kana haɗa sauti a kwamfutarka idan ka samu sarari, kuɗin da ka tara na biki ɗaya ne kacal, kuma duk wanda ka tuntuɓa a kan kiɗan gwaji na lantarki sai ya ambata maka CTM ko Berlin Atonal, bukukuwan kiɗa biyu da ake yi a Balin. Kana son sanin wanne ya cancanci kuɗin jirgin ƙasa da na masauki. A ganina ka fara da CTM. Amma kada ka ɗauki maganata haka kawai, bari in baje maka su biyun ka gani da kanka, domin akwai abin da Atonal ke yi wa mai sauraro wanda CTM ba ya iyawa.

Atonal ne babba a shekaru. Dimitri Hegemann ne ya kafa shi a 1982, lokacin katanga na raba birnin, a wani zaure da ake kira SO36 a unguwar Kreuzberg ta Yammacin Balin. Irin waɗanda suka hau dandamalinsa a wancan zamani su ne Einstürzende Neubauten, waɗanda ke kiɗa da tarkacen ƙarafa da injin huda bango, da Psychic TV da Test Dept daga Ingila. Bikin ya tsaya a 1990. Shekara guda bayan haka Hegemann ya buɗe gidan rawa na Tresor, ya koma harkar tekno, wato kiɗan rawa na lantarki. Sai a 2013 aka farfaɗo da Atonal, aka kai shi Kraftwerk da ke titin Köpenicker, wata tsohuwar tashar wutar lantarki da aka gina a farkon shekarun 1960 don Gabashin Balin, aka daina aiki da ita a 1997.

Wannan ginin shi ne rabin bikin, kuma sai ka fahimce shi kafin ka fahimci kiɗan. An kwashe injina an bar kankare tsirara: ginshiƙai manya-manya, rufi can sama inda haske ba ya kaiwa, zaure mai tsawon kusan mita 100. Za ka shiga ta ƙasa cikin duhu da hayaƙin da ake fesawa, ka hau matakala zuwa babban zaure, sai ka tarar da wani dogon allon majigi a tsaye bayan dandamali, makaɗin kuwa ɗan mitsitsi a gindinsa, ya sunkuya a kan tebur cike da wayoyi. Idan ya saki sauti ɗaya, ba ya mutuwa nan take. Sai ya bugi bango ya dawo, ya zagaya ginshiƙai, ya daɗe yana yawo kafin ya lafa. Gurnanin ƙasan sautin kuma a ƙirji ake jin sa kafin kunne, irin yadda jikinka ke karkarwa idan ka tsaya dab da injin niƙa. Za ka ga mutane sun miƙe a kan siminti sun rufe ido, wasu sun jingina da ginshiƙi, babu mai magana da wani.

Masu shirya bikin sun san abin da ke hannunsu, shi ya sa suke yawan ba makaɗa aikin da za a fara nunawa a nan, galibi makaɗi ɗaya da mai haɗa hoto ɗaya, aikin da aka auna da girman zauren. Suna kuma dawo da dattawan harkar. A 2014 sunan Cabaret Voltaire, tsohuwar ƙungiyar kiɗa ta Ingila, ya sake hawa dandamali a can bayan kimanin shekara 20, a 2015 Tony Conrad, makaɗi ɗan Amurka, ya yi wasa da ƙungiyar Faust ta Jamus. Idan an tashi daga babban zaure bayan tsakar dare, ba sai ka fita titi ba: Tresor da wani ƙaramin ɗaki mai suna OHM duk a cikin ginin suke, ana ci gaba har gari ya waye.

To, ga inda nake da ƙorafi. Zauren da ke ƙawata dogon sauti shi ne ke cinye gajere. Kiɗa mai sauri, mai ƙananan bugu da ke saƙa juna, idan ya shiga wannan amsa-kuwwa sai ya dagule, bugun baya ya hau na gaba. Saboda haka abin da ya fi dacewa da wurin shi ne mai nauyi, mai duhu, mai tafiya a hankali, kuma shi ne ya fi yawa. Daren farko za ka fito bakinka a buɗe. Zuwa dare na uku kana iya jin kamar mutum ɗaya ne ke ta wasa da sunaye daban-daban. Akwai masu son hakan, ni ma akwai daren da ba na neman komai sai shi. Amma ga mai neman ya buɗe kunnensa ga hanyoyi da yawa, ƙofar ta yi ƙunci.

CTM kuwa an fara shi a 1999 da sunan Club Transmediale, a matsayin ɓangaren dare na wani bikin fasahar zamani da ake kira transmediale, daga baya ya tsaya da ƙafarsa. Ana yin sa a ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu, kimanin kwana 10, kuma ba shi da gida ɗaya. Yau kana HAU, gidan wasan kwaikwayo mai kujeru inda ake zama a yi tsit. Gobe kana Berghain, wanda shi ma tsohuwar tashar wuta ce kusa da tashar jirgin ƙasa ta Ostbahnhof, inda ake liƙe maka kyamarar waya a bakin ƙofa. Jibi kana Radialsystem, tsohuwar tashar tura ruwa a bakin kogin Spree, ko silent green a unguwar Wedding, ginin da a da ake ƙona gawa a cikinsa, yanzu ake sauraron kiɗa mai laushi a ƙarƙashin ƙubbarsa. Nunin ayyukan fasaha kuma an sha yin sa a Bethanien, wani tsohon asibiti a Kreuzberg. Amfanin wannan ga mai haɗa sauti ba ƙarami ba ne: cikin mako guda za ka ji yadda ɗaki ke sauya kiɗa, ka gane dalilin da ya sa aka kai wannan wasa zaure mai kujeru, aka kai wancan ɗakin rawa.

Kowace shekara akwai jigon da ake ɗora bikin a kansa, kuma ba ado ba ne, ana bin sa a zaɓen makaɗa da kuma laccoci. Na 2016 shi ne ya fi muhimmanci ga irinmu. A shekarar suka haɗa kai da Rabih Beaini, makaɗi ɗan Labanan, suka juya hankali ga abin da ake yi a wajen Turai da Amurka. Tun daga lokacin aka riƙa ganin makaɗa daga Indunusiya irin su Senyawa da Gabber Modus Operandi, da kuma mutanen Nyege Nyege, kamfanin waƙa da ke Kampala a Yuganda, wanda ya fito da Slikback na Kenya da masu kiɗan singeli na Dar es Salaam ga kunnen duniya. Singeli kiɗan unguwa ne, na biki da titi, da ake haɗawa a ƙananan situdiyo da kwamfuta mai arha, gudunsa kan wuce bugu 200 a minti ɗaya. Ka tsaya cikin Turawan da suka shekara 20 suna sauraron tekno, ka ga wannan kiɗa ya rikita musu ƙafa sun rasa inda za su sa ta, sannan ka ga sun miƙa wuya. Wannan kallo kaɗai zai gyara maka tunani a kan abin da kake ɗauka ƙaramin aiki ne a kwamfutarka. Babu wanda ya ce sai kana da sintesaiza (na’urar haɗa sauti) mai tsada kafin a saurare ka.

Ba na cewa Atonal ba ya gayyatar ’yan Afirka ko ’yan Asiya. Yana yi, musamman a shekarun baya-bayan nan. Bambancin shi ne a CTM abin ya shiga ƙashin bikin, har da zama a tattauna wa ke samun biza, wa ake biya nawa, wa ke da ikon cewa wannan kiɗa sabo ne wancan na gargajiya ne.

Nan ne ma babban dalilina yake, wato rana. A Atonal rana ta barci ce, duk da cewa akan buɗe tsohon ɗakin sarrafa tashar a jera na’urorin sauti a ciki, akan kuma nuna finafinai da ayyukan fasaha. A CTM kuwa rana cike take. Akwai laccoci da zaman tambaya da amsa da makaɗan da ka gani daren jiya, wasu kyauta, wasu da ɗan kuɗi kaɗan. An sha yin MusicMakers Hacklab, taron bita da Peter Kirn ya daɗe yana jagoranta, inda ake zaɓar mutane daga masu neman shiga, su yi kwanaki suna ƙera kayan kiɗa da hannunsu, da waya da dalma da ƙananan lasifikoki, a ƙarshe su hau dandamali su nuna abin da suka haɗa. Akwai Radio Lab, wanda ake yi tare da gidan rediyon Deutschlandfunk Kultur, inda ake kiran masu fasaha su turo shawarar aiki, a zaɓi wasu a ɗauki nauyinsu, a nuna a bikin, a kuma sa a rediyo. Ka ce kana naɗar ƙarar tasha da ta kasuwa a wayarka kana sarrafawa. Irin wannan aiki ne ake nema a can. Ko ba ka shiga bana ba, ka je ka ga waɗanda suka shiga, ka gaisa da su, ka karɓi lambobinsu. Atonal zai girgiza ka ka koma gida kai kaɗai. Daga CTM kana iya komawa da abokan aiki.

Wahalarsa ita ce sanyi da zirga-zirga. Ƙarshen Janairu a Balin rana kan faɗi kafin ƙarfe biyar na yamma, sanyi na kaiwa ga ƙanƙara, ga layi a waje kafin a shiga. Wasanni kan ci karo, dole ka bar wani don wani, kuma daga Wedding zuwa Ostbahnhof tafiya ce. Jiragen ƙarƙashin ƙasa na kwana suna aiki a daren Juma’a da na Asabar ne kawai, sauran ranaku sai motar dare. Ba kuma kowane wasa ne ke yin daɗi ba. Gwaji sunansa gwaji, wani lokaci za ka zauna minti 40 kana jiran abin da ba zai zo ba. Atonal bai da wannan matsala ta yawo: ka sauka a tashar Heinrich-Heine-Straße a layin U8, ka taka kaɗan, ka iso, shi ke nan. An saba yin sa a ƙarshen Agusta, kwana biyar, gari da ɗumi, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe takwas. Sai dai tun bayan korona tsarinsa ya riƙa sauyawa, a 2021 nunin fasaha aka yi a madadinsa, a 2023 aka kai shi Satumba, don haka kada ka kama masauki sai sun fitar da ranaku.

Ta fuskar aljihu ma CTM ya fi sassauci ga ɗalibi. Ba dole ka sayi tikitin bikin gaba ɗaya ba. Ka zaɓi dare biyu ko uku da suka ja hankalinka, ka cike sauran da shirye-shiryen rana. Masauki a Janairu kan fi sauƙi a kan na bazara, lokacin da baƙi ke cika gari. A Atonal ma ana sayar da tikitin dare ɗaya, kuma gaskiya dare ɗaya ya isa ka san yadda zauren yake. Idan Allah ya hore maka daga baya, ka yi hakan.

Akwai abin da na san za ka so ka tambaya ko da ba ka rubuta ba. Duka biyun ana sayar da giya, kuma ɓangaren ɗakin rawa bayan tsakar dare yana da abubuwan da ba lallai ranka ya kwanta da su ba. Babu mai tilasta maka komai, babu mai kallonka don ka riƙe kwalbar ruwa. Amma a CTM ya fi sauƙi ka tsara makonka a kan wasannin zaure da ake farawa da yamma a tashi da wuri, ka bar sauran. A Atonal komai a gini ɗaya yake kuma dare ake rabawa, ko da yake kana iya ficewa da zarar an gama na babban zaure. Sallah da abinci ba matsala ba ne a Kreuzberg: akwai masallatai a kewayen Kottbusser Tor da Görlitzer Bahnhof, ga shagunan Turkawa da Larabawa masu abincin halal a kowace kwana. Ka kuma duba kalanda, domin azumi na matsowa kusa da lokacin CTM. Ana sa ran na 2027 zai kama a farkon Fabrairu, na 2028 kuma a ƙarshen Janairu.

Kowanne ka je, don Allah ka sayi abin toshe kunne na makaɗa, irin wanda ke rage ƙara ba tare da dusashe sauti ba. Masana lafiyar ma’aikata sun ƙiyasta cewa kunne na jure desibel 85 (desibel shi ne ma’aunin ƙarfin ƙara) na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 na raba wannan lokaci biyu, ta yadda a desibel 100 kimanin minti 15 ne kawai. A gaban lasifikokin Berghain ko na Kraftwerk ana kaiwa nan cikin sauƙi, kuma kai da kunnenka kake son ka ci abinci. Idan walƙiyar fitila na tayar maka da ciwon kai ko kana da farfaɗiya, ka yi hattara da Atonal musamman, domin suna amfani da ita sosai.

CTM kan fara fitar da sunayen makaɗa tun kaka, kiran shiga tarukan bita da Radio Lab kuma kan fito watanni kafin bikin, saboda haka ka fara leƙa shafinsu tun yanzu, ka kuma shirya gajerun ayyuka biyu ko uku da za ka iya turawa. Idan ka tsayar da ranaku ka sanar da ni, zan duba jadawalin tare da kai mu fitar da daren da bai kamata ka rasa ba.