Wata biyar da haɗa manhajar ajiye lokacin ganawa da rajistar kwastomominmu

Salam jama'a. Ni ke kula da ɓangaren ciniki a wani ƙaramin kamfanin sola a nan Gombe, ofishinmu na wajen Tunfure, muna da yara huɗu masu bin kwastoma. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 aiki ya yi mana yawa, asibitoci masu zaman kansu, makarantu, gidajen mai, kowa so yake ya rabu da janareta. To yawan aikin ne ya tono mana wata matsala da ta daɗe tana cin mu ba mu lura ba.

Akwai wani Alhaji mai gidan mai a Kumo, ya kusa wata biyu suna magana da ɗaya daga cikin yaranmu, sun gama lissafin batir nawa, fanel nawa, inbata mai ƙarfin nawa, har ragi an yi masa. Sai manajansa ya shiga shafinmu ya zaɓi ranar da za su zo, shi kuma link ɗin da muke amfani da shi lokacin duk wanda ba shi da aiki yake jefa wa mutum. Alhaji ya taso tun daga Kumo da hantsi, ya zauna ya ajiye hularsa a kan tebur yana tambaya ina yaron nan da muka saba, shi kuwa yaron yana can Bajoga wajen wani aikin bai ma san da zuwan ba. Wanda ya tarar ya buɗe littafi ya fara tambayarsa firij nawa gare shi, famfon mai nawa, ƙarshe ya yanka masa farashin da ba ragi. Alhaji ya ce masa, ɗana, ni ba zan sake ba da labari daga farko ba. Ya ɗau hularsa ya fita. Da kyar muka shawo kansa, bayan nan kuma yaran biyu suka kwana uku ba sa ga maciji a kan waye zai ci kamisho.

Wannan ne ya sa muka nemi manhajar da ke duba rajistar kwastoma, wato CRM, kafin ta ba mutum lokaci. Irinsu suna da yawa, akwai Calendly, akwai Chili Piper, HubSpot ma yana da nasa, mu dai ɗaya muka ɗauka daga cikin ire-irensu. Yadda take aiki ba wuya. Kwastoma zai cike ɗan fom, suna, imel, lambar waya, da abin da yake so. Nan take sai ta leƙa rajistar da imel ɗin, in ta ga sunansa kuma akwai wanda aka rubuta shi ne mai kula da shi, kalandar wannan mutumin kaɗai za ta nuna masa. In sabon mutum ne sai ta raba karɓa-karɓa tsakanin yaran, yau kai gobe wancan.

Gaskiya inda ta yi aiki ta yi aiki. Rigimar kamisho ta mutu murus don kowa ya san abin da ke rubuce shi za a bi, ba wanda zai ce ni na fara gaisawa da shi a masallaci. Kuma yaro na samun saƙo tun kafin ranar, ya buɗe ya ga duk abin da aka tattauna a baya, ya shiga ganawa a shirye. Na ji daɗin yadda muka toshe lokacin Juma'a da na Azahar a kalandar kowa, ba wanda zai saka maka ganawa ana kiran sallah.

Amma fa inda muka sha wahala shi ne maganar imel, kuma duk wanda zai saye ta a yankinmu ya kamata ya ji wannan da kyau. An gina abin ne don mutanen da kowane kamfani ke da adireshin imel nasa, har ta kan gane cewa wane da wane kamfani ɗaya suke ta ƙarshen adireshin. Mu kuwa nan kusan kowa Gmail ne, mai asibiti Gmail, mai makaranta Gmail, wasu ma ɗansu ne ya buɗe musu ranar da aka sayi waya ba su taɓa leƙawa ba, harkarsu duk a WhatsApp take. Yau manaja ya cike fom da imel ɗinsa, gobe ɗan Alhaji ya cike da nasa, sai manhaja ta ɗauka sabon mutum ne ta jefa shi karɓa-karɓa, mun koma gidan jiya kenan. Sai da muka zauna ranakun Asabar biyu cur, ni da yarinyar da ke mana aikin kwamfuta, muna bin sunaye ɗaya bayan ɗaya muna haɗa manaja da uban gidansa a ƙarƙashin kamfani ɗaya. A nan muka ga mutum guda an rubuta shi sau uku, nan lambarsa ta fara da 0803, can ta fara da +234, can kuma an rubuta Alh. maimakon Alhaji. Har da kwastomomi da yawa da ke ƙarƙashin sunan wani yaronmu da ya bar aiki ya koma Bauchi tun bara, duk wanda ya nemi ganawa cikinsu ba inda yake zuwa sai da muka raba su muka kuma saka wanda zai riƙa karɓa in mai shi ba ya nan.

Sai kuɗi. Da dala ake biya duk wata, kuma kowane ma'aikaci da nasa lissafin, ga yadda dala ta haura naira 1,500 a 2024, don haka mutum huɗu ba ƙaramin abu ba ne a wajen kamfani irin namu. In kai kaɗai ne ko ku biyu a shago wallahi ba ka buƙatarta, littafi da WhatsApp sun ishe ka. In kun kai huɗu biyar kuma kwastoma na dawowa, to ta cancanci kuɗinta, da sharaɗin akwai mai zama ya gyara rajistar duk mako.

Mu yanzu dokar da muka saka ita ce ba wanda zai fita daga wajen kwastoma bai karɓi imel ɗin duk wanda zai iya cike fom a madadinsa ba. Shi kuwa Alhajin Kumo har yau bai taɓa buɗe link ɗin da kansa ba, manajansa ke yi, kuma satin da ya wuce da za su ƙara batir biyu kai tsaye wajen yaronmu da suka saba manhajar ta kai shi.