Yadda aka mayar da bututun man tsohuwar Marsandi 280 SL a wani gareji a Kaduna

Motar da na gada wurin kawuna, Marsandi 280 SL ƙirar 1981, ta shekara uku a ajiye ƙarƙashin rumfa. Da aka sauke tankinta domin a wanke tsatsa, sai da aka kwance duk tiyon da ke tsakanin tanki da famfo da filta, kuma mayar da su ne ya kai ni wurin wani dattijon bakanike wanda aka ce ya daɗe yana taɓa irin waɗannan motoci.

Na je da tiyon da na saya a kasuwa, ina ganin na rage wa kaina kuɗi. Ya juya shi a hannu, ya karanta rubutun jikinsa, ya miƙo mini, ya ce, "Alhaji, wannan na mota mai kafireta ne, idan na ɗaura maka shi na cuce ka." Bayaninsa ya gamsar da ni. Injin wannan mota mai silinda shida yana aiki ne da tsarin feshin mai na Bosch da ake kira K-Jetronic, wanda famfonsa ke tura fetur da ƙarfin da ya kai kusan bar 5 a ma'aunin matsi, wato ninki biyu na iskar da ke cikin taya, alhali kafireta ko rabin bar ɗaya ba ta bukata. Tiyon da ke ɗauke da lamba J30R7 bai kai wannan matsayi ba, don haka ya sa aka nemo mai lamba J30R9 domin gajerun mahaɗai, wanda cikinsa ke jure fetur mai gauraye. Duk wanda ya tuna abin da man nan mai yawan sinadarin methanol ya yi wa motoci a watan Fabrairun 2022 ba zai yi gardama a kan wannan ba.

Wajen ɗaurawa ma bai yi gaggawa ba. Ya cire kan batir tukuna, ya ajiye tukunyar kashe gobara kusa da ƙafarsa, ya zubar da tsofaffin woshoshin jan ƙarfe ya sa sababbi, domin wanda aka taɓa matsewa ba ya sake kamawa yadda ya kamata. Kowane noti da sifana biyu yake ɗaure shi, ɗaya na riƙe, ɗaya na juyawa, don kada bututun ƙarfen ya murɗe.

Abin da ya fi burge ni shi ne gwajin yoyo. Bai tayar da injin ba. Ya goge kowace mahaɗa har ta bushe ƙarau, ya mayar da batir, ya ba famfo wuta kai tsaye, sannan ya kwanta ƙarƙashin motar da tocila da farar takarda yana dangwala wa kowane noti. A bakin filta takardar ta nuna ɗan danshi wanda bai fi ƙwayar gero ba, ni da nake tsugune a gefensa ban ga komai ba sai da ya nuna mini. Ya sauke matsin, ya sake wosha, ya maimaita gwajin. Bayan nan ne ya tayar da ita ta yi zafi, ya kashe, ya bar ma'aunin matsi a jiki muna kallon allurarsa, saboda a wannan tsari akwai wata 'yar tukunya kusa da famfo da ke riƙe matsin mai bayan an kashe mota, kuma idan allurar ta faɗi da sauri to akwai inda man ke zurarewa.

Inda na ga gazawar garejin shi ne alkawari. An ce mini kwana biyu, aikin ya ci tara, kuma ba wanda ya kira ni ya ce kaya ne ba su iso daga Legas ba sai da na taka da ƙafata. Yaransa kuma sun bar shatin baƙin mai a kujerar fata, abin da ya sosa mini rai. Kuɗin aikin ya fi na sauran garejoji, amma ban yi ciniki ba.

Da zan tafi ya ce in riƙa shimfiɗa kwali ƙarƙashin motar kowane dare har mako guda. Na yi hakan, kullum da asuba ina ɗaga shi in shinshina, ban ga ɗigo ko ɗaya ba, kuma warin fetur da ya saba tarbar mu a rumfar ya ɗauke.