Na'urar bin waya ko rada: wacce za a ɗauka don gano abin da ke binne a ƙasa kafin tono?

Na'urar bin waya, wato mai gano wayar wuta da aka binne, tana jin kebul ɗin da wuta ke bi, da bututun ƙarfe idan an jona masa sigina. Ba nauyi, kuɗinta da sauƙi, amma bututun roba sam ba ta ganinsa.

Rada kuwa tura ta ake kamar baro, tana aika igiyar rediyo cikin ƙasa, ta nuna roba da kankare a allo. A busasshen yashi aikinta ba dama, a jiƙaƙƙiyar laka da ƙyar take gani. Ga tsada, ga neman gwanin karanta hoton.

Ni dai da ta farko zan fara, don wayar wuta kisa take. Inda ake zargin bututun roba, a ɗauko rada, sannan a tona da shebur a hankali.