AVR32: a farfaɗo da kwamfailarsa a sabon GCC ko a riƙe tsohuwar?

Malam, game da waɗancan bod (allunan lantarki) naka masu cip ɗin UC3, ɗaya daga cikin dangin AVR32 na kamfanin Atmel, da kake tunanin ɗaga facin kwamfailarsu (gyare-gyaren da Atmel ta liƙa wa GCC, manhajar da ke fassara shiri zuwa yaren cip) zuwa sabon GCC, ni dai shawarata ka bar wannan aikin, ka riƙe tsohuwar kwamfailar Atmel ka killace ta wuri guda. Na bi hanyoyin biyu, ɗaya har yau tana ba ni abinci, ɗayar kuwa wata biyar ta cinye min ban ga komai ba.

Ina da bod ɗin gwaji na Atmel EVK1100 guda, mai cip AT32UC3A0512, da wasu bod uku da na haɗa a kansa suna kula da famfon rijiyar burtsatse mai aiki da sola. Abin da na yi shi ne na ɗauki kayan Atmel ɗin nan da aka gina kan GCC 4.4.7, na zuba su cikin tsohon Ubuntu a VirtualBox (manhajar da ke gudanar da wata kwamfuta a cikin kwamfutarka), na rufe masa intanet gaba ɗaya don kar wani sabuntawa ya zo ya taɓa min komai, sannan na kwafi fayil ɗin wannan Ubuntu gaba ɗaya a fulas biyu da had dis guda. Bara mai gonar ya kira ni wai famfo na kashe kansa da la'asar tun rana ba ta faɗi ba, na buɗe VirtualBox ɗin da na yi kusan shekara biyu ban leƙa ba, na sauya lamba ɗaya ta iyakar ƙarfin batir, na buga make, umarnin gina shirin, wallahi ko gargaɗi ɗaya bai ƙaru ba, na ɗora shirin a cip ta JTAGICE mkII, na'urar Atmel mai magana da cip ta hanyar haɗin JTAG, kafin magariba ruwa na zuba a tanki. Shayin da aka kawo min ma bai huce ba. Eh, ba za ka samu C11, sabon tsarin yaren C, ba, C++ ɗinsa ma na da ne, amma famwayar, wato shirin cikin cip, da ke kunna famfo me za ta yi da sabon yayi?

Ita kuwa farfaɗowar, to, ana iyawa, ba zan ce ba a iyawa ba. Sai dai ka sani AVR32 bai taɓa shiga asalin GCC ba, facin Atmel ne a gefe tun da suka fito da cip ɗin a 2006, kuma daga 4.4 zuwa yau cikin GCC ya juye sosai: tun 4.8 aka koma gina shi da C++, tsohon tsarin cc0 da ake bin sakamakon kwatance da shi an cire shi kwata-kwata a GCC 12, ga rabon rijista (ƙananan ma'ajiyoyin cikin cip) an koma sabon tsari mai suna LRA. Ba kwamfaila kaɗai ba ce kuma, binutils masu haɗa shiri na jiranka, newlib laburaren C na jiranka, GDB na binciken kurakurai ma haka. Ni na kai inda sabuwar kwamfailar take fitar da lambar inji, ƙaramin shiri na kunna fitila yana tafiya, amma da na sa -O2, zaɓin ƙara wa shiri sauri, sai katsewar da taima ke yi wa shiri ta riƙa ɓata rijista ɗaya, sau ɗaya a cikin awanni, na yi sati uku ina farautarta na haƙura.

Za ka ji ana cewa ai m68k, tsohon cip ɗin Motorola, an ceto shi. Gaskiya ne, Bernd Schmidt ya fitar da shi daga cc0 a 2019 bayan masoyansa sun tara kuɗin lada, AVR mai bit 8 ma an yi masa haka daga baya, amma waɗannan suna cikin GCC tun asali kuma suna da jama'a, 'yan Amiga da 'yan Debian a can, 'yan Arduino a nan. AVR32 wa gare shi? Microchip ta sayi Atmel a 2016, Linux ya cire AVR32 a sigarsa ta 4.12 cikin 2017. In ka ɗauko wannan kaya kai kaɗai za ka riƙa goyonsa duk shekarar da sabon GCC ya fito.

Don haka tsofaffin bod su zauna da tsohuwar kwamfaila, sabon aiki kuma ka tafi STM32 na kamfanin ST ko wani cip mai ƙirar Cortex-M ta ARM, kwamfailarsu arm-none-eabi-gcc tana nan ana kula da ita.

Wani abu da ba ka tambaya ba, ka yi hattara da masu sayar da cip ɗin UC3 a intanet suna rubuta maka sabo dal. Da yawa cirowa ake daga matattun bod, a goge saman a sake buga rubutu. Na taɓa sayen goma, huɗu ne kawai JTAG ya gane su, da na duba ƙafafun da gilashin ƙara girma sai ga ragowar dalma, mai kayan kuma ya daina amsa saƙo. Ko a STM32 ɗin ma bod ɗin Blue Pill masu arha sau da yawa ba cip ɗin ST ba ne a kai. Ka sayi biyu tukuna, ka karanta lambar shaidar cip ɗin ta JTAG, in ta yi daidai sannan ka tura kuɗin sauran.