Malamin da ba ya ba da amsa

A makarantar koyon aikin lauya a Amurka, malamin dokar kwangila ya duba takardar da ke ɗauke da hotunanmu da wurin zaman kowa, ya murɗe sunana yadda ya ga dama, ya ce in faɗi abin da ya faru a shari'ar Hadley da Baxendale. Raina fes, don wannan shari'ar ta 1854 tun a gida na haddace ta: ƙarfen injin niƙa ya karye, masu dako suka yi jinkirin kai shi wurin maƙera, injin ya zauna ba aiki. Na zubo ƙa'idar tsaf: ba a biyan diyyar asarar da ba a iya hango ta ba lokacin ƙulla kwangilar.

Sai ya ce, "To da mai injin ya gaya musu ba shi da wani ƙarfen fa?" Na amsa. "Da ya gaya wa yaron ofis, ba manaja ba fa?" Na fara kame-kame. Haka ya yi ta juya ni kamar waina a tanda, aji tsit, rigata sharkaf da gumi. Bai ce daidai ba, bai ce kuskure ba, ya wuce kan wata ɗaliba.

Ashe abin ba ƙiyayya ba ne, gado ne. Wani malamin shari'a, Christopher Langdell, ne ya shigo da wannan salo jami'ar Harvard a 1870: a karanta hukuncin alƙalai da kansa, a tono ƙa'idar da tambaya. Mu kuwa a ƙasarmu har yau malam na karanto tsohon littafinsa muna rubutawa, ranar jarrabawa mu mayar masa da kayansa. Ka kuskura ka ce "Malam, ban yarda ba" ka gani!

Kada ku ɗauka Amurka aljanna ce. Sai ka gama digirin farko kafin ka shiga shekara 3 na lauya, kuɗin manyan makarantun kuma ya haura dala 60,000 a shekara. Darussa da yawa jarrabawa ɗaya tak ce ke yanke maka hukunci. Ga yaro da gajeren wando yana katse wa farfesa magana, abin da har yanzu idona bai saba da shi ba. Wani lokaci sai kewar baƙaƙen kwat ɗinmu da "ranka ya daɗe" ta kama ni.

Amma yarinyar da ke zama gefena, ba ta gama makaranta ba, tuni tana tsayawa a kotu tana kare masu hayar da ake son kora, malaminta na zaune bayanta. Mu sai bayan an sa mana gashin lauya muke fara koyon yadda ake shigar da ƙara, a hannun magatakardan kotu.